Tsohuwar Rigar Baba

Litinin, 3 ga Maris

Yau ma ni na goge wa Baba baƙar rigarsa ta shiga kotu. Tun da Umma ta ƙona masa hannun wata riga, ni kaɗai yake yarda in taɓa rigunansa. Ina son ƙamshin da ke tashi idan dutsen guga ya hau, na tsofaffin takardu da turarensa.

Ya dawo bai ko kalli abinci ba. An yanke tallafin ofishinsu, ofishin da ke tsaya wa waɗanda ba su da halin ɗaukar lauya. Ashe ƙungiyar lauyoyi ce ke cirar wani abu daga kuɗin lasisin da kowannensu ke biya, da shi ake riƙe ofishin. Bana manyan sun ce ya yi musu yawa. Abokan aikinsa sun kama gabansu. Saura shi da Dogo.

Talata, 4 ga Maris

Dogo. To, na rubuta.

Akawun Baba ne. Ya gama karatun shari'a a jami'a, saura makarantar horo da rantsuwa, sai ya zama lauya sosai. Sai ya sunkuya yake shiga ƙofarmu. In ya zo ɗaukar fayil yakan ce, "Malama Mai Littafi, yau wa ya auri wa?" Ni kuwa ban taɓa wuce "Ina wuni, Yaya" ba, shi ma ƙasa nake gaya wa.

Jarumin littafin da nake karantawa likita ne, amma fuskar Dogo na sa masa. Ba wanda ya sani.

Lahadi, 9 ga Maris

Fayil har kan kujerar falo, ba wurin zama. Umma ta ce, "Malam, ko mu koma ofishin, su fayil ɗin su zauna a gidan?" Bai yi dariya ba.

Laraba, 12 ga Maris

Mura ta hana ni makaranta. Umma ta tafi kasuwa ta bar wayarta a caji. Baba ya kira, na ɗauka. Yana magana ƙasa-ƙasa da sauri. Alƙalin da Baba ke shari'a a gabansa ya ƙi barinsa ya tafi, ga kuma neman belin wani yaro a wata kotun can ƙarshen gari, lokaci ɗaya. Yaron ya daɗe a tsare, yana tarin jini. In aka kira ba lauya, sai bayan watanni.

"Dogo na zuwa. Ki ba shi tsohuwar rigata. Ba a sauraron mutum a bencin lauyoyi sai da riga. Tashi kawai zai yi ya roƙi a jira ni."

Na goge ta sau biyu. Da ya sa, ko gwiwarsa ba ta kai ba, hannayensa a waje kamar an rataya riga a jikin sanda. Dariya ta ƙwace mini. A gabansa! Ya juya ya ce, "To, Malama, na yi kama da na littafinki?"

Na sunkuyar da kai. Ya yi kama kuwa.

Alhamis, 13 ga Maris

An ba yaron beli!

Alƙalin sabo ne, bai san fuskoki ba. Dogo ya roƙi a jira, alƙali ya ce ba shi da lokacin jiran kowa, in lauya na da magana ya yi. Uwar yaron na bayansa tana kuka. Sai ya yi maganar. Har ya ci.

Baba ya yi ta masa faɗa a zaure, ina ji ta taga. "Cewa na yi ka roƙa, ba ka yi shari'a ba!" Can kuma na ji sun yi dariya su biyu.

Da a littafi ne nan ne tsakiyar labari.

Juma'a, 21 ga Maris

Ba littafi ba ne.

Lauyan ɗaya ɓangaren ya lura da gajartar rigar, ya bincika, ya kai ƙara kwamitin ladabtarwa na ƙungiya. Wanda ba a rantsar ba ya yi magana a matsayin lauya, laifi ne babba. Lauyan da ya sa shi kuma, ƙwace lasisinsa ake yi.

Ƙungiyar da ta kwashe masa mataimaka ita ce za ta tambaye shi don me bai rabu gida biyu ba. Haka Umma ta faɗa tana wanke-wanke, har ta fasa kofi.

Litinin, 24 ga Maris

Dogo bai zo ba.

Alhamis, 27 ga Maris

Abokin Baba, wanda muke kira Kawu Mai Gilashi, ya zo. Na kai musu ruwa, na laɓe bayan labule. Ban ji duka ba.

"...ka ce shi Dogon ya ɗauki rigar da kansa. Yaro ne, rawar kai." Baba ya ce wani abu. Kawu ya ɗaga murya: "In suka rufe ka, wa zai leƙa mutanen da ke tsare? Ni? Kuɗin motata ma ba su da shi. Kai kaɗai ka rage musu a garin nan."

Sai kuma: "Wa ya ji lokacin da ka ba da umarnin?"

Na kalli ƙafata da ta leƙo ta ƙasan labule, na janye ta.

Asabar, 29 ga Maris

Baba ya shigo ɗakina. Rabon da ya shigo har na manta. Ya ɗauki littafina ya juya shi, ya ce, "Uwata, har yanzu waɗannan ne?" Ya zauna bakin gado. Ya ce wata mata za ta zo daga kwamiti, mai yiwuwa ta yi mini tambaya.

"Ba zan ce ki yi ƙarya ba. Ban taɓa koya miki ƙarya ba."

Na jira ya ce in faɗi gaskiya. Ya ajiye littafin a kife, ya fita.

Na lura wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

Talata, 1 ga Afrilu

Na yi ta shirya shi a kaina kamar babin ƙarshe. In miƙe in ce, "Ni na ɗauki wayar." Kowa ya juyo. Dogo ya kalle ni.

Daga nan fa? Baba ya zauna a gida. Fayil ɗin falo, kowane ɗaya mutum ne. Na buɗe ɗaya, duk da an hana. Wata mata ce, da jariri a hannu aka kama ta, yanzu yaron yana tafiya.

A littafi mugu ɗaya ne, kuma tun shafin farko ana gane shi.

Laraba, 2 ga Afrilu

Ta zo. Na zaci mai ɗaure fuska ce, ashe dattijuwa ce mai sanyin murya, ta cire takalmi tun daga ƙofa. Ta ce, "'Yata, an ce ke ce mai guga. Ranar nan, wa ya ce ki ba shi rigar?"

Baba na tsaye jikin taga, ya ba mu baya.

Na kalli yatsun ƙafata. Ta sake tambaya. Sai Umma ta ce, "Hajiya, wannan ai ko baƙo ya yi sallama ɓuya take yi. Kunya gare ta kamar me. Shi yaron ɗan gida ne, shiga yake ya ɗauki abin da zai ɗauka."

Matar ta daɗe tana kallona. "Haka ne, 'yata?"

Ban ce e ba. Wallahi ban ce ba. Kai kawai na sunkuyar, ita kuma ta rubuta.

Alhamis, 10 ga Afrilu

An yanke. Baba: gargaɗi, don bai kula da kayan aikinsa ba. Dogo: an soke sunansa, ba za a taɓa rantsar da shi ba.

Kawu ya ce a gaban kwamiti sun tambayi Dogo ko yana da abin cewa, ya ce babu. "Yaron kirki," in ji Kawu, yana shan shayinmu.

Asabar, 19 ga Afrilu

Uwar yaron da aka ba beli ta zo godiya, mai sayar da gawayi ce. Ta durƙusa tana ta sa albarka, ɗanta ya fara samun sauƙi. Ta ce, "Ina dogon lauyan nan? Shi nake son gani." Umma ta ce ya yi tafiya.

Bai yi tafiya ba. Da yamma ya zo kawo makullin ofis, ya same ni ina shanya. Ya rame. Ya ce, "Malama Mai Littafi." Ya tsaya nan, bai tambayi wa ya auri wa ba.

Na buɗe baki, karon farko. "Yaya, ni..."

"Na sani," ya ce. "Kunya ce." Ya yi murmushi, ya ajiye makullin a kan bokiti. Ban gane ko yafe mini ya yi ko zagina ya yi ba. Ya sunkuya ya fita.

Litinin, 5 ga Mayu

Na daɗe ban rubuta ba. Ba abin rubutawa.

Baba na fita da sassafe. Matar nan mai jariri ta fito makon jiya, shi ya fitar da ita. Na yi murna. Da gaske na yi.

Na mayar wa ƙawata littafinta. Ta ce, "Kin ga ƙarshen? Kin ga yadda ya dawo?" Na ce mata jarrabawa ta matso.

Lafiya lau muke da Baba. Ina gaishe shi, yana amsawa. Jiya ya ce, "Uwata, rigar ba ta ƙamshi irin na da." Na ce gawayin dutsen gugar ne.

Umma ke goge masa yanzu. Ba wani dalili, wuyan hannuna ke ciwo.