Cikon Mutum Na Uku

Baban Tuyeni,

Wanda ya yi kiwon shanu a Ondangwa ba takalmi ba ya buƙatar atisaye kafin ya sauka kwazazzabon Kogin Fish. Haka ka shaida wa baƙi jiya, da gasasshen nama a hannunka. Sai ka goya jakar tafiyar don su gani, matakalar baranda ta kayar da kai.

Gwiwar da ka buge ta ƙara kumbura. Ƙanƙara na cikin firji.

Ka san dokar gandun dajin da kwazazzabon yake: ba a barin ƙasa da mutum uku su sauka. Kai ka gayyato shugabanka na ofis da matarsa, har sun ɗauki hutu, kuma ƙarin girmanka yana hannunsa. Tuyeni ta ji muna cewa ba za ka iya zuwa ba. Ta ce mini, "Meme, ni zan cike musu. Gasa ai akwai ta baɗi."

Yau ce gasar waƙar cocin da ta shekara tana yi wa shiri. Ita ce mai ba da waƙa.

Na tafi in kai ta wurinsu, bakin kwazazzabon. Kada ka kira ta ka koya mata hawan dutse.

In ka iya takawa, rigar gasar tana kan gadonta, a goge. Ka mayar da ita akwati. Ni na kasa.

Ndeshi