Ranar da Baba Ya Ba Koci Maki Biyu

Talata, 18 ga Nuwamba

Zuwa ga ƙanena Casimir,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa irin ta 'yan ɗaki ɗaya, ina fatan takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Tamsin da 'yar lelena Irene, takwarar Mama. Allah Ya ƙara muku lafiya, Ya tsare ka a kan tekun da kake neman abinci, Ya sa sanyin Alaska bai daskarar maka da hannun rubutu ba, tunda na ga alama ya gama da na kiran waya. Mu nan lafiya lau, sai godiya. Mijina Rodney yana nan da tumbinsa. Likita ya ce ya rage ci, shi kuma sai ya rage zuwa wurin likita. Gwaggo Dolores an cire mata yanar ido, yanzu tun daga bakin ƙofa take hango ƙurar da ke kan labulena. Ƙanƙara ta fara sauka ranar Juma'a, amma ba ta kwanta ba tukuna.

Za ka ga kati a cikin ambulan ɗin nan. Na san halinka, ka riga ka leƙa gabansa tun kafin ka karanta gaisuwata. To na haɗa ka da Allah kada ka juya bayansa sai ka kai ƙarshen wasiƙar. Kuma da yake na san Tamsin ce za ta karanta maka da ƙarfi kana cin abinci, bari in yi mata bayani, don kai ba ka taɓa iya ba da labari ba. Tamsin, surukinki ya yi shekara talatin da huɗu yana duba ingancin ƙarfe a masana'anta, kuma da halin aikin nan ya shigo gida. Duk ranar da ƙungiyar garinmu ta buga wasan ƙwallon ƙafa irin na Amurka, da an tashi sai ya ɗauko ɗan kati ya ba kowa maki bisa goma: masu kai hari, masu tsaro, mai jifa, mai bugu, koci, da alƙalan wasa. Shekara arba'in da ɗaya ke nan, katunan sun cika kwalayen takalmi goma sha ɗaya. Sau biyu tak ya taɓa ba da takwas. Goma kuwa cewa yake ta Allah ce. Sifili ma bai taɓa bayarwa ba, ko alƙalan da ya tsana ɗaya yake ba su, wai ladan sun zo aiki.

Ka san halin da muke ciki tun da ɓarin jikin Baba na dama ya shanye a watan Agusta, magana ta ɗauke. Likita ya ce ba zai iya rantsewa ba ko harshen ne kawai ya tafi, ko har da hankalin. Malama Yolanda mai koya masa magana takan zo da hotunan kyanwa da kofi ta ce ya nuna, shi kuma sai ya juya fuska bango. Amma akwai abin da na ɓoye maka, yau zan faɗa. A watan Satumba, ranar da aka yi mana cin kaca, talatin da takwas da shida, ita ce ta ba da shawarar a ba shi kati. Ya riƙe fensir da hagu, ya jera goma tun daga sama har ƙasa, har da alƙalai. Baiwar Allah ta hau tafi tana cewa ga ci gaba, ya rubuta lamba. Ni kuwa na shige kicin na buɗe famfo don kada a ji kukana. Casimir, Baba ya ba alƙali goma! A ranar na ce a raina ubanmu ya tafi, gangar jiki kawai aka bar mana. Shi ya sa da aka kawo maganar kai shi gidan kula da masu ciwon mantuwa ban yi gardama ba, na kira ka, ka sa hannu a takarda ka aiko. Nawa hannun ne ya rage, kuma sun ba ni zuwa Juma'ar nan, in ban kai ba su ba wani gadon.

Shekaranjiya Lahadi na ce ko ba komai a bar shi ya yi kallon wasa na ƙarshe a talabijin yana kan kujerarsa. Daga coci na wuce na ɗora miyar wake da nama mai yaji irin ta Mama, Rodney ya soya fukafukan kaza. Gwaggo Dolores ta zo da carbinta, Mista Odell, abokin aikin Baba na masana'anta, ya zo da tsohuwar rigar ƙungiya da ta ƙi rufe masa cibiya. Na sa wa Baba hularsa, na ajiye kati da fensir a hannun kujera don dai al'ada, ba don ina sa rai ba. Takardar tana cikin jakata. Wallahi duk lokacin da na wuce ta kusa da jakar sai na kawar da kai.

Ƙarfe ɗaya aka take wasa, kuma rabin farko yaran sun yi abin kirki, ba zan ci haƙƙinsu ba. Sabon mai jifan nan, lamba tara, ya saki ƙwallo biyu masu kyau, aka tafi hutu muna da sha huɗu suna nema. Rodney har ya fara lissafin inda za a yi faretin kofi. Mista Odell ya ce masa ya zauna, ƙungiyar nan ta fi shekara hamsin tana koya masa cewa ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa. Ai kuwa kamar da bakinsa. Ana dawowa lamba tara ya ɗauki ƙwallo ya miƙa wa ɗan ƙungiyar baƙi har hannu, sai ka ce saƙo aka ba shi. Masu tsaronmu kuma suka koma rungumar iska. Mutum ɗaya ya ratsa su huɗu, kowa ya taɓa rigarsa ya sake shi. Gwaggo ta ce da ta san abin da za ta gani ke nan da ta bar yanar idonta.

A zango na uku cikin huɗu ne koci ya yi aika-aikarsa. Ka san dama uku kawai ake da ita ta tsayar da agogo a kowane rabi. To sai ga shi ya ƙone biyu cikin minti huɗu, ta farko don yara ba su jeru ba, ta biyu don shi kansa bai san abin da yake so a buga ba. A ta biyun ne na ji bugu, tim! Na waiwaya, Baba ne ya doki hannun kujera da hagunsa, ya ɗaga yatsu biyu yana huci. Ni da shirmena na zaci ruwa yake so, na kawo kofi ya ture. Na ce ko banɗaki ne, ya yi mini wani kallo. Rabona da kallon nan tun ranar da na buga motarsa a jikin gareji ina 'yar shekara sha bakwai. Amma na hana kaina sa rai, don sa rai ya wahalar da ni a watannin nan.

Saura minti ɗaya da rabi baƙi suna gaba da maki ɗaya, ashirin da ɗaya da ashirin. Damar tsayar da agogo ta ƙarshe ma an riga an kashe ta. Yaran suka lallaɓa har suka wuce tsakiyar fili, aka kayar da mai ƙwallo bai fita waje ba, don haka agogo yana tafiya, saura daƙiƙa sha bakwai, kuma yunƙuri ɗaya ya rage musu. Sai ga mai bugu a guje yana gyara kwalkwali a hanya. Yadi arba'in da takwas, Casimir! Ƙwallo ta tashi, ta karkace, ta daki ƙarfen gola na hagu, ta faɗa ciki, maki uku ke nan. Ashirin da uku da ashirin da ɗaya. Gidan nan ya kaure, Gwaggo ta jefar da carbi, Rodney ya zubar mini da miya a kan kafet yana ihu wai yau kam goma bisa goma, duk wanda ya ce ba haka ba maƙiyi ne.

Ana wannan hayaniya na ji ƙarar fensir. Muka juyo gare shi. Ya fi minti ashirin yana fama, katin yana zamewa ina danne masa da yatsa, gumi yana keto masa. Ga shi nan a gabanka ka gani. Masu kai hari biyar. Masu tsaro huɗu. Lamba tara huɗu. Mai bugu shida, don ya taɓa ƙarfe. Alƙalai ɗaya, kamar kullum. Koci kuwa biyu, ya ja layi a ƙarƙashi har fensir ya huda katin, kuma waccan da'irar da kake gani a gefe ba ƙwai ba ne, agogo ne ya zana. Wato ya riƙe abin da aka yi tun zango na uku, ya auna shi da abin da ya jawo a ƙarshe, ya yanke hukunci. Rodney ya ce haba Baba, ai ci muka yi. Baba ya dube shi sama da ƙasa, ya yi ta kokawa da bakinsa, can sai kalma ta fito, ta farko cikin wata uku. Cewa ya yi sa'a ce. Ban san lokacin da na durƙusa na kifa kaina a gwiwarsa ba. Ban taɓa jin daɗin a kushe ƙungiyarmu ba sai ranar, hali dai zanen dutse.

Da na natsu na ɗauko katin Satumba mai goma-goma na nuna wa Mista Odell, na ce wannan fa? Mutumin nan ya yi dariya har da tari. Wai a zamaninsu an taɓa kawo wani manaja da ya matsa wa Baba ya riƙa wuce da ƙarfe mara kyau, sai Baba ya ɗauki alli ya bi komai yana rubuta goma, har kwandon shara da ƙofar ofishin manajan. Ya ce mini, 'yar nan, in babanki Leonard ya ba mutum goma ai zaginsa ya yi, ku kuka dame shi da hoton kyanwa kuna yi masa tafi kamar ɗan yaye. Na dubi Baba, ɓarin bakinsa mai motsi yana murmushi. Na ji daɗi, na kuma ji kunya har cikin ƙashina. Ashe wata biyu yana ciki yana jin mu muna shawarar inda za a kai shi a kan kansa. Na nemi gafararsa a gaban kowa, ya dafa kaina.

Jiya Litinin na kai wa likita katin, na zauna na warware masa maganar agogo, don shi wani wasa daban yake bi, wanda ake bugawa da sanda, bai san irin ƙwallonmu ba. Ya ce a sake gwaji, amma a bar hotunan yara. Malama Yolanda, Allah Ya saka mata, ba ta yi fushi ba, ta ce daga yau da kwalayen takalmin nan za ta riƙa koya masa. Kada in ruɗe ka, bai warke ba. Hannun dama yana nan yadda yake, kalmominsa uku ne zuwa yanzu, ɗaya kuma ba ta rubutuwa a wasiƙa, ta alƙalai ce. Aiki yana gabanmu, zan rage kwanakin aikina, Gwaggo za ta riƙa yini da shi. Amma na kira gidan nan na ce su ba wani gadon. Takardar da ka sa wa hannu kuma kada ta dame ka, da abin da na gaya maka ka yi aiki, laifin nawa ne.

Yanzu sai ka juya katin. Bayan kowa ya watse shi ya juya shi da kansa, ya nuna kwanon miya ya rubuta shida, wai gishiri ya yi yawa. Ban taɓa samun shida a wurinsa ba, har na so in sa a firam in rataye a bango. Sannan ya daɗe yana kallon kujerar nan ta kusa da taga, wadda kake zama tun kana ɗan shekara biyar, wadda bai taɓa barin Rodney ya zauna a kai ba. Tun Agusta bai nuna ya san akwai wanda babu a ɗakin ba, kuma na san abin da ya fi ci maka rai ke nan, ko ba ka faɗa ba. Ya rubuta sunanka, harafi bakwai, babu wanda ya ɓace, ya ɗauki kusan minti goma. A gabansa ya zana sifili. Shekara arba'in da ɗaya, ko alƙali bai taɓa samu ba sai kai, don alƙali dai yana zuwa aiki.

Gwaggo Dolores tana gaishe ka, ta ce ka aske gemun nan da ta gani a hoto. Rodney da Mista Odell suna gaisuwa. Ka gaishe mini da Tamsin da kyau, ka sumbaci Irene, ka gaida surukarka Mama Opal da jiki. Wasan gida na ƙarshe ranar Lahadi ne kafin Kirsimeti, ƙarfe ɗaya. Na goge kujerar, na sayi sabon fensir. Ka zo ka gyara makinka.

Taka har kullum,
Yayarka Bernadette