Hoton Kawu Lahamu

Palu, 3 ga Satumba

Zuwa ga Yaya Rosmini,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigida da yara. Ina fatan kwakwar bana ta yi kyau. Ki gaida Kawu Lahamu.

Dalilin wannan takarda shi ne in sanar da ke cewa ofishinmu na kula da namun daji zai turo ni tsibirinmu ƙarshen watan nan, saboda rairayin bakin teku na Sampolo. Kin san tun da aka kewaye wurin da waya shekara uku da suka wuce, aka hana ɗibar ƙwan tsuntsun maleo, muke sa ran tsuntsayen za su ƙaru. To, abin da Darwis mai gadi ya aiko ya ɗaure mana kai. Shekarar da na yi bincikena na ƙirga tsuntsu kusan ɗari uku suna saukowa daga daji su saka ƙwai. Bara talatin da takwas ne kacal.

Yaya, zan tambaye ki wani abu, kada ki ji haushi. Kawu yana shiga wurin a ɓoye? Na san tsoho da abin da ya saba. In yana shiga, gara in ji daga bakinki kafin ofis ya ji daga bakin wani.

Maganar masauki kuma kada ki wahalar da kanki. Zan sauka a ɗakin mai gadi can bakin rairayin, ya fi kusa da aiki.

Na gode. Allah ya bar zumunci.
Ƙanenki, Hasrun


Kolami, 12 ga Satumba

Hasrun,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, mun gode Allah. Jirgin ruwa na ranar Alhamis ya kawo takardarka, sai da na juya ta gaba da baya don in tabbatar taka ce. Shekara uku ko layi ɗaya babu, na ɗauka a jami'a an koya muku komai ban da sayen kan sarki.

"Ki gaida Kawu." Shi ke nan rabon mutumin da ya ɗauke mu ranar da aka binne Inna, ya goye ka a wuya har ka yi wayo. To, na gaishe shi, ya amsa.

Ga amsar tambayarka. Tun ranar da aka kafa wayar nan Kawu bai ƙara tsallake rafin da ya raba gari da Sampolo ba. Yana zaune gindin mangwaro yana ɗinke wa mutane komarsu ta kamun kifi. Ƙwan maleo ko a idonsa bai ƙara gani ba, mutumin da ya yi shekara arba'in yana kula da rairayin, ya gada wurin ubansa. In tsuntsayenku sun ɓace ku nemi wani ɓarawon, namu ya yi ritaya.

Tun da ka tambaya, bari ni ma in ba ka labari. Ka tuna hoton da ka ɗauke shi? Ka ce na tarihi ne. Ya shiga ɗaki ya sako rigarsa ta salla, ya riƙo ƙwai biyu, kowanne ya cika masa tafin hannu, kana cewa, "Kawu, ɗan ɗaga su sama." Hoton nan yana tashar jirgi a kan wani ƙaton allo, duk wanda ya sauka shi yake fara gani. A ƙarƙashinsa an rubuta da jan fenti: IRIN WAƊANNAN SU KE ƘARAR DA MALEO. Kawu bai iya karatu ba, ka fi kowa sani. Sai da ya yi wata guda, duk ranar jirgi, yana saka rigar nan ya je ya tsaya kusa da allon yana gaisawa da baƙi. Mutanen gari kuwa sai kowa ya sunkuyar da kai ya wuce.

Ka yi shekara bakwai kana karatu a kan tsuntsun da ko kwanci ba ya yi, ya tona rairayi ya binne ƙwansa ya bar wa rana reno, ya koma daji abinsa. Da alama halinsa ka koyo.

Ka sauka inda ka ga dama. Amma kafin ka sake tambayar wa ke shiga Sampolo, ka je ka duba da idonka abin da ya shiga.

Allah ya kawo ka lafiya.
Rosmini


Sampolo, 2 ga Oktoba

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki. Darwis zai kawo miki wannan da hannunsa. Kwana uku ke nan ina tsibiri. Na sauka a tasha, na ga allon, na ja hulata na rufe fuska na bi ta bayan kasuwa kamar wanda ya yi sata.

Na ga abin da ya shiga Sampolo. Yaɗon nan mai furanni ja-ja ya rufe rairayin tun daga waya har bakin ruwa, ƙananan itatuwa sun fito suna ba da inuwa. Na soka ma'aunin zafi wuri ashirin, ko'ina sanyi ƙalau, ba inda zai ƙyanƙyashe ƙwai. Shekaranjiya da safe na ga maleo guda biyu sun sauko, mace da namiji. Suka yi awa uku suna tono, wannan ya gaji wannan ya karɓa, macen tana cusa kanta cikin ramin tana jin ɗumi. Suka gwada rami huɗu. Daga ƙarshe suka juya daji ba ta saka komai ba.

Yaya, ba sai an gaya mini dalili ba. Na sani, kuma tun da can na sani. Ina ɗan shekara tara nake bin Kawu bayan sallar asuba, shi da adda ni da kwando, yana tuge yaɗon nan yana cewa, "Rairayin maleo gona ce, in ba ka yi noma ba ba ka da girbi." Na san ƙa'idarsa, a cikin ƙwai uku ɗaya na tukunya, biyu na ƙasa. Na sha ganin ya tono wanda aka saka kusa da ruwa ya sake binne shi a tudu, a tsaye yadda uwar ta ajiye shi. Duk na rubuta su a littafina lokacin bincike, shafi goma sha ɗaya.

Ba wanda ya ce in cire su daga rahoton da na rubuta, wanda ya sa aka kafa wayar. Ni na cire. Rahoton da ya nuna mai laifi guda ya fi saurin karɓuwa, ni kuma ina son a ce na iya. Na ji nauyin in tsaya gaban manyan malamai in ce wanda bai taɓa zama a aji ba ya fi mu sanin tsuntsun nan. Ranar da suka zaɓi hoton don a buga a allo, wata malama ta tambaye ni, "Wannan wane ne?" Na ce, "Wani mutumin ƙauye ne." Haka na ce, Yaya. Shi ya sa ban rubuto ba shekara uku, ba wai aiki ne ya yi mini yawa ba. Tambayar da na yi miki a takardar farko ma, neman wanda zan sake jingina wa laifi nake yi.

Jiya ni da Darwis muka shiga nome wurin. Ban san inda ya kamata a fara ba, ban san inda ake bar musu duhuwar da suke laɓewa ba. Kafin azahar fartanyata ta faɗa kan ƙwai a ɗan wurin da rana ke samu. Ya fashe, da ɗan tsako a ciki, yana motsi. Na ajiye fartanyar, ban sake ɗauka ba.

Saura mako uku su fara saukowa da yawa. In bana ma ba su saka ba, ofis zai rubuta cewa wurin ya mutu, a janye mai gadi, masu gonar kwakwa kuwa sun daɗe suna jiran filin. Ki taimaka ki tambayar mini Kawu ta ina ake farawa. Ki rubuto mini abin da ya ce. Ba ni da idon da zan dube shi.

Ki yafe mini.
Hasrun


Kolami, 4 ga Oktoba

Ƙanena,

Wa alaikumus salam. Darwis ya kawo, ya ci shinkafa da gasasshen kifi, ya ce kai kuwa ba ka cin komai sai shayi. Ka ci abinci, yunwa ba ta wanke laifi.

Na so in zage ka, sai na tuna ni ma ba wankakkiya ba ce. Akwai abin da ban gaya maka ba. Ranar da aka kafa allon, Kawu ya kira ni tasha, ya ce, "Mini, karanta mini abin da yaron nan ya sa aka rubuta." Na dubi jan fentin, na dubi fuskarsa, na ce, "An ce wannan shi ne uban rairayin Sampolo." Shekara uku ina ɗauke da wannan ƙarya, ina ganin ni na sa tsoho ya je ya tsaya a rana ana kallonsa.

Jiya bayan la'asar na same shi gindin mangwaro na karanta masa takardarka. Da na zo wurin "wani mutumin ƙauye" sai na tsallake. Bai ɗago daga komar da yake ɗinki ba ya ce, "Koma baya, kin bar wani wuri."

Na ce, "Kawu, ba abin da na bari."

Ya ce, "Ke in za ki yi ƙarya muryarki siririya take komawa. Haka ta koma a tasha."

Hasrun, da ƙasa za ta tsage da na shige. Na ce, "Ashe ka sani?"

Ya ce, "Ban iya karatu ba, amma na iya kallon mutane. Kuma tun da nake ban taɓa ganin an yabi mutum da jan fenti ba."

Na ce, "To me ya kai ka tsayawa can da rigar salla?"

Ya ce, "In na ƙi zuwa, kin gane na gane. Ɗaya cikinku ya riga ya ji kunya a gidan nan, ban ga amfanin ƙara ta biyu ba."

Na koma na karanta masa wurin yadda ka rubuta. Ya ce, "Ai bai yi ƙarya ba, mutumin ƙauye ne ni." Abin da ya sa ya ajiye allura shi ne ɗan tsakon. Ya tambaya ko ya yi gashi, ko idonsa a buɗe, na ce ba ka faɗa ba. Ya ce, "Da fartanya ya shiga? Wa ya taɓa shiga Sampolo da fartanya?" Ya tashi ya shige ɗaki, ko tuwon dare bai taɓa ba.

Na tambaye shi ta ina ake farawa. Ya ce rairayi ba a takarda yake ba. Iyakar abin da na samu ke nan, ban ƙara ban rage ba, muryata ma ba ta canza ba.

Allon dai yana nan inda yake, jibi kuma ranar jirgi ce. Ba zan gaya wa mai digiri biyu abin da zai yi ba.

Allah ya shirya mu baki ɗaya.
Yayarka, Rosmini


Sampolo, 6 ga Oktoba

Yaya,

Assalamu alaikum. Na san labari ya riga takardata zuwa. Yau da jirgi ya tsaya, tasha cike, na hau kan buhunan kwakwa na faɗa musu ni na ɗauki hoton, ni na rubuta rahoton, kuma wanda ke jiki kawuna ne da ya rene ni. Na ce shi ya riƙe tsuntsayen nan shekara arba'in, ni na kore su a shekara uku. Sai tsohuwa Wa Ndia mai sayar da soyayyar ayaba ta ce, "Mu ai mun sani, ɗan nan. Kai muke jira ka sani." Ita ta ara mini gudumar da na cire ƙusoshin.

Na rubuta wa ofis komai da sunana, na haɗa da shafukan nan goma sha ɗaya, takardar ta bi jirgin yau. Abin da za su yi da ni su ya dama.

Allon yana nan jingine a bayan ɗakin Darwis, gobe zan ƙone shi. Da na dawo na biyo ta layinku. Na hango mangwaron, na hango bayan Kawu, na tsaya, sai na juya ban ƙarasa ba. Ki gaishe shi, in zai amsa.

Hasrun


Kolami, 6 ga Oktoba, da yamma

Daga Lahamu, da hannun Rosmini. Na ce ta rubuta yadda na faɗa, kuma ina sauraron muryarta.

Hasrun, na amsa gaisuwa. Kada ka ƙone allon nan. Ka sa zarto ka yanke rubutun, ka kawo mini saman. Duk duniya ba ni da wani hoto sai shi, kuma rigar ta fito da kyau.

Gobe bayan asuba ka jira ni a bakin rafi. Ka ce wa mai gadinku ya buɗe waya. Ka bar fartanya, ka bar ma'aunin nan naka, ka bar takalmi. Ka zo da kwando.

Ɗazu na ji tsayuwarka a bayana. Gobe ka zo ta gaba.

Kawunka