Surukina Ba Ya Gani, Motarsa Ma Ta Makance

Anti, don Allah ki agaza mini da shawara. Abin nan ya hana ni sukuni, kuma duk wanda na faɗa wa a dangi, kafin la'asar ya zama abin yaɗawa.

Surukina, mahaifin maigidana, tsohon direba ne, a kan sitiyari ya yi furfura. Gida ɗaya muke. Tun rasuwar Mama ba abin da ke fitar da shi daga ɗaki sai kai yarana biyu makaranta da ɗauko su. Bara maigidana ya saya masa motar lantarki, irin wadda take kuka in ka kauce daga layinka, ta kuma taka birki da kanta in mutum ya gifta. Baba har tsokanarta yake yi, wai ya samu kwandasta mai shegen surutu.

Kwanakin baya ta fara gurnani daga ƙasa, in an taka sai ta riƙa fizga. Wakilan kamfanin suka ce injin da ke juya tayoyin ne, sai an yo odar kaya, a jira wata da watanni. Baba ya ce shi ba zai zauna ba, ya kai ta wajen bakaniken da ya saba da shi tun zamanin motocin fetur. Gurnanin kam ya daina. Amma garin kwance-kwance aka taɓa wayoyin kyamarar gaba, aka kasa saita ta. Wata fitilar gargaɗi ta kunnu a gaban direba ta ƙi mutuwa, shi ne bakaniken ya yanko baƙin salatif ya liƙe ta. Da na kira shi daga baya, wai ai direban ƙwarai ba ya buƙatar waɗannan tarkacen.

Ranar da na bi shi da yaran zan sauka kasuwa na ga salatif ɗin. Ga shi dab da hancin Baba, amma bai san da shi ba. Sai na zuba ido ina kallon tuƙinsa. Anti, Baba ba ya gani. Ashe duk tsawon lokacin nan motar ce take gani masa. A mashigar makaranta wata mai goyo ta zo tsallakawa. Motar ba ta da ƙara balle matar ta ji tahowarta, birki bai kama kansa ba, shi ma bai taka ba sai da na ƙwalla ihu. Madubi ya shafi zanin goyon. Ya ce matar ce ta faɗo titi.

Maigidana yana aiki a wani gari. A waya ya ce in rufa masa asiri in bari ya dawo, in aka karɓe makullin nan tsohon kwanciya zai yi. Ni da ko sunan Baba ba na iya faɗa, ta yaya zan dube shi in ce ya makance? Mutumin da yake kirana 'yarsa. Kullum da safe in na gan shi ya fito da wankakkiyar riga yana kaɗa makulli, sai in nemi dalilin hana yaran bin sa. Na yi ta ƙaryar yaran suna mura har ƙaryar ta ƙare. Ya zan yi?

Surukar da ta rasa bakin magana

*

'Yar'uwa, daga gobe yaran nan ba sa shiga motar, Baba ma ba ya fita da ita. Wannan ba ya jiran dawowar kowa.

Tsoron maigidanki ba shirme ba ne. Tsohon da aka raba da abin da ke tashinsa da safe yakan sukurkuce da wuri, na sha gani. Amma a kan titin nan akwai 'ya'yan mutane, kuma su ba a yi shawara da su ba.

Ki kira maigidan yau, ki ba shi labarin mai goyon ba tare da kin rage komai ba. Wannan magana ta ɗa ce da ubansa, ba taki ba. In ya noƙe, ki nemi ƙanin Baba ko amininsa. A mayar da motar wajen wakilan kamfanin, a ɓare salatif ɗin, su duba ta da na'urarsu. Ko an yi wata da watanni ana jira, a jira. Sai dai kada ku ɓuya a bayan gyara. Waɗannan na'urori an yi su ne don taimakon mai ido, ko sun dawo garau ba za su zame wa kowa ido ba.

A kai Baba wajen likitan ido. Wataƙila yanar ido ce, a cire ta ya koma tuƙinsa. Wataƙila kuma abin ya wuce nan, ki shirya wa hakan. Kafin nan a samo mai tuƙa yaran, Baba ya zauna a gaba, ya ci gaba da miƙa jikokinsa a ƙofar makaranta da hannunsa.

Zai yi fushi, ƙila ya daina amsa gaisuwarki, ƙila ya daɗe bai huce ba. Ki daure ki ɗauka. Fushinsa za ki iya zama da shi. Amma ranar da ya taka ɗan wani, ko aka ciro jikokinsa daga cikin motar nan, shi kansa ba zai iya zama da abin ba, kuma ba mai iya lallashinsa.

Allah Ya ba ki ƙarfin zuciya, Ya ba Baba lafiya, Ya tsare yaran.