Motar Huɗu ga Yuli

Bismarck, 3 ga Mayu

Yaya Arlys,

Gaisuwa mai yawa, da fatan gwiwar taki ta yi sauƙi. An rufe zaman majalisar jiha ranar Juma'a, kowa ya kwashe kayansa ya tafi gida. Ni ina nan babban birnin jiha a ɗakin haya, ina ɗumama miyar gwangwani. Ba zan sake tsayawa takara ba, shekara ashirin da shida sun isa.

Alfarma ɗaya nake nema. Tun da aka fara zaɓena ban taɓa fashin jerin gwanon bikin 'yancin ƙasa na huɗu ga Yuli a garinmu Vangen ba. Ina so in shiga karo na ƙarshe, in watsa wa yara alewa kamar kullum. Na kira tsohon abokina Duane sau uku kan ya ara mini motarsa mai buɗaɗɗen sama, bai ɗauka ba. Ki yi masa magana, don Allah.

Ƙaninki,
Sanata Orvil Tveit

Vangen, 11 ga Mayu

Orvil,

Ina gaisuwa. Gwiwa tana nan yadda ka barta. Wai ni za ka rubuto wa "Sanata"? Ni da na share maka majina.

Na je wurin Duane. Ya ce motar ta lalace, kuma jiya na gan shi a cikinta. Kwamitin bikin ya ce duk mai so ya shiga, amma kai bayan dawakai za a sa ka. Ka san abin da dawakai ke bari a titi.

Me ka zata? Ka ɗaga hannu a majalisa an rufe makarantarmu. Shekara talatin da ɗaya ina dafa wa yaran nan abinci. Yanzu mil arba'in suke yi a bas, ni kuma ina zaune ina kallon bango. Ka yi zamanka a can, ya fi maka.

Yayarka,
Arlys

Bismarck, 19 ga Mayu

Yaya,

Na gode da amsa, ko da mai zafi ce. Ɗalibai goma sha tara suka rage. Da ƙuri'ata da babu, sai an rufe ta. Na bayar da ita ne aka bar mana ƙaramin asibitin, inda ake duba miki gwiwa. Ban faɗa a jarida ba don na yi alkawarin yin shiru.

Tun rasuwar matata Joyce ba wanda nake magana da shi sai masu neman wani abu. Yanzu su ma sun daina kira. Kewa ta ishe ni, Yaya. Bayan dawakan ma na yarda. In babu mota zan taka da ƙafa.

Orvil

Vangen, 27 ga Mayu

Orvil,

Gaisuwa. Har yanzu ba ka gane ba. Ba hannun da ka ɗaga ne ya fi ci mini rai ba. A shagon gyaran gashi na Marlys na ji labarin, kaina cikin injin busar da gashi, mata shida suna kallona. Kana da lambata. Sati uku ka san abin da za ka yi, kuma ranar bikin Ista ka ci naman alade a teburina kana hirar ruwan sama.

Wannan ne ban yafe ba. Ban san ko zan yafe ba.

Arlys

Bismarck, 2 ga Yuni

Yaya,

Tsoron fuskarki na ji. Ba ni da wani dalili bayan wannan. Na janye roƙona, kada ki ƙara wahalar da kanki.

Orvil

Vangen, 26 ga Yuni

Orvil,

Da wannan ƙugun naka ba za ka kai ƙarshen titi da ƙafa ba, a gaban coci za ka zube ka ƙara ja mana abin faɗa. Na sa an canja wa a-kori-kurar Baba batir. Ni zan tuƙa, kai ka zauna a baya kan kujerar kicin. Ka zo ƙarfe tara. Kada ka yi mini magana a hanya.

Wataƙila ba wanda zai ɗaga maka hannu. Kai dai ka ɗaga naka.

Yayarka,
Arlys