Ɗan Fari a Littafin Manjo

Yola, 3 ga Maris, 2024

Zuwa ga Manjo Othniel mai ritaya, Jimeta.

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya. Ba ka san ni ba. Sunana Hayatu, tsohon hedimasta, wanda yanzu ko ƙarfe nawa ba mai tambayarsa.

Na sayi littafinka a shagon Nwabueze. Irinsa huɗu na karanta na manyan hafsoshi, kowanne shi kaɗai ya ci yaƙin. A shafi na 92 ka ce ranar da Mubi ta faɗi direbobi shida sun tuɓe kaki sun gudu. Ɗana na fari direba ne a ƙarƙashinka. Kusan shekara goma ke nan, ba gawa, ba takarda. A unguwa cewa ake ya tsere Kamaru, har na daina zuwa ɗaurin aure. Ka gaya mini, yana cikin shidan?

Ka huta lafiya.
Hayatu

Jimeta, 9 ga Maris

Baba Malam,

Ina gaisuwa da ladabi, ya gida? Takardarka ta taɓa ni. Amma Baba, direbobina goma sha ɗaya ne, kai kuma ba ka sa sunansa ba. Wanne ne naka?

Naka,
Othniel

Yola, 15 ga Maris

Manjo,

Ina amsa gaisuwa. A gidanmu uba ba ya kama sunan ɗan fari. Tun ranar suna bai fita bakina ba. "Kai" nake ce masa, in ba ya nan in ce "wancan". Kwana uku takardar nan tana kan tebur.

Usaid. Usaid Hayatu.

To, na rubuta. In ya gudu, ka faɗa kai tsaye.

Hayatu

Jimeta, 17 ga Maris

Baba Malam,

Barka da hutawa. Ashe kai ne baban Tica! Haka muke kiransa, don har ni yana gyara wa Turanci.

Bai gudu ba. Buɗe shafi na 97. Direban da ya koma cikin gari sau uku yana kwaso mata da yara, shi ne. A na huɗun bai fito ba. Allah ya ji ƙansa. Ban sa suna ba don ban san ko an sanar da ku ba, kuma ban nema ba. Laifina ne. Biyu daga cikin matan suna sayar da kifi a kasuwar Jimeta.

Za a sake buga littafin. Ka yarda in sa sunansa?

Othniel

Yola, 20 ga Maris

Manjo,

Gaisuwa mai yawa. Na karanta wa mahaifiyarsa shafin. Ta yi kuka, sannan ta ci abinci.

Ka sa. Ka zo ranar Asabar da matan nan biyu, na gayyato dattawan unguwa. Kai za ka faɗi sunan da ƙarfi, ni zan zauna in ji.

Littafin naka ba laifi. Kuskure goma sha bakwai kawai na samu, zo da biro.

Allah ya kawo ka lafiya.
Hayatu