Kwalbar da ka manta a kicin ɗina

Zuwa ga sanyin idona, inuwar tsufana, ruwan randa a tsakiyar bazara, Malam Maazou ɗan Damagaram.

Kafin gaisuwa ga kacici-kacici, ka cinka: 'yar gajera ce, rigarta ta fi ta tsawo, likita ya haife ta, 'yan mashaya suka rene ta, ta shiga cikin Hajiya ba sallama. Wace ce?

Wayyo Maazou, ka cuce ni! Ranar da ka zo zance unguwarmu ta Glenwood a nan ƙasar Amurkawa na ce maka cikina na murɗawa. Ka tafi ka bar leda a kicin: lemo, sukari mai iyali, da wata kwalba mai ruwa baƙi. Na ce Allah sarki, masoyi ya kawo jiƙo, kunya ta hana shi faɗa. Na lasa na ji ɗaci kamar maɗaci, na ce wannan shi ne magani. Safe da yamma ina kurɓar cokali har da bisimilla, ina sa maka albarka! Sai da jikata Afnan ta karanta takardar jikinta, ta faɗi ƙasa tana dariya da Turanci. Wai kusan rabinta giya ce. Ni Bebi, mai jikoki, mai haƙorin Makka! Na wanke baki da toka, da gishiri, da asuwaki, har yau in na yi gyatsa sai na yi istigfari.

Da ka ce sun ɗauke ka daga kicin ɗin kulob ɗin masu kuɗi na unguwar Irving Park sun mai da kai wajen abin sha, ai lemo da shayi na zata. Na kira ka ina kuka, maimakon ban haƙuri sai ka buɗe min aji. Wai kayan koyon aiki ne ka manta. Wai sunan haɗin giyar da ake yi da su Old Fashioned, wato tsohon yayi, ya haura shekara ɗari biyu, da can da sassafe Amurkawa ke shan sa a matsayin magani. Wai da matasa suka cika masa tarkace sai tsofaffi suka ce a yi musu irin na da, sunan ya bi shi. Tir da tsufan da ba ya tuna kabari!

Har da koya min yadda ake yi. A sa ƙwayar sukari a gajeren kofi, a ɗiga ɗacin nan, a murƙushe da 'yar taɓarya, a zuba giyar wuski, a jefa ƙanƙara kamar kan jariri, a juya, a matse ɓawon lemo. Kuma wai wuskin da masara ake yi. Masara, Maazou! Abin da za a tuƙa tuwo yara su ƙoshi, shi ake ruɓarwa a gangar katako da aka ƙona cikinta shekara da shekaru? Na san ba ka sha. To hannun fa? Hannun da ya riƙe min lema a tashar bas ranar da ruwa ya tsare mu, kai kana jiƙewa kana ce min Madam, ni ina yi kamar ban ga kana rawar sanyi ba. Da shi za ka ci tuwona?

Amma kaico, zuciya ba ta jin magana. Kai ne farin watan da nake leƙe ta taga, kai ne ƙamshin ƙasa bayan ruwan fari. In wayata ta yi ƙara sai na ture jika na ɗauka.

Ranar Asabar ɗana Ma'aruf zai zauna da kai kan maganar aurenmu. Zai tambayi sana'arka, ni kuma ba zan yi masa ƙarya ba. In ya ji mashaya, magana ta mutu. Na toshe bakin Afnan da alkawarin dambun nama, amma bakin yarinyar nan ba ya riƙe ruwa. Don Allah ka koma kicin, ka yanka albasa, ka dawo min da warinta, wallahi turare ne a hancina. Ka koma, in jira ka har haƙorana su ƙare, ba na kallon kowa, ko Alhaji Sale mai gidan mai da ke ta aiko min da dabino.

Taka, mai ɗacin baki da zaƙin zuciya,
Hajiya Bebi

Amsar kacici-kacicin ita ce kwalbarka da ake kira bitas, takardar jikinta ce rigar da ta fi ta tsawo. Wani likita Bajamushe ya haɗa ta don ciwon cikin sojoji. Cikina kuwa ya daina murɗawa, kada ka kuskura ka gaya wa kowa.